Kafin Allurar Barci Ta Riga Ni Faɗa

Ya ke inuwar da matafiyi ke hangowa daga nesa ƙafarsa ta daina ciwo! Ya ke ruwan farko da ke sauka a kan ƙasar da ta gaji da jira, fitilar da ke haska ɗaki ba ta ƙona hannu, tauraruwar da ta ƙi hawa sama ta zauna a bayan keken ɗinki don kada sauran taurari su ji kunya! Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi ƙarfin bakina. Ina fatan kina lafiya kamar yadda ni ma nake lafiya, in aka cire cibiya da abin da ke samanta.

Kada gabanki ya faɗi don kin ga takardar nan a hannun Direban shagonmu na kayan ɗaki. Ya sani. Yadda aka yi ya sani kuwa yana cikin abin da ya sa na ɗauki biro, ni da ba na taɓa shi sai in an ce in sa hannu an karɓi kaya. In kin ga layi ya karkace, ki yi haƙuri, a kan katifa nake rubutun.

Kin san jibi ne za a yi min aikin a asibiti. Duk gidanmu sun ɗauka wuƙa nake tsoro. Goggo ta zo duba ni, ta yi kuka har ta gaji, ta shanye shayina don ta samu ƙarfin ƙarasa kukan. Kawu ya zo ƙarfafa min gwiwa, ya lissafo min duk wanda ya sani da ya shiga ɗakin tiyata bai fito da ƙafarsa ba, ya haɗa da wani da ko asibitin bai kai ba, sannan ya dafa kafaɗata ya ce in cire tsoro, ni namiji ne. Wuƙa? Ni da na daɗe ina ganin ki kullum a shagon Ummata, ina wucewa ta gabanki da “sannu da aiki” kawai kamar wanda ya zo karɓar kuɗin shara, wace wuƙa ce za ta nuna min sabon yanka?

Ciwon ma ai kin san inda na samo shi. Babu amaryar da aka kawo layinmu da ban hau mata da gado ba. Ni ke ɗaure noti, ni ke zama a kai in gwada ko yana ƙara, in tashi in karkaɗe wurin in bar wa ango. Ladan da na samu shi ne wannan ƙaba da ta ɓullo min a saman cibiya, ranar da muka hau bene da durowar amaryar wani. Ni ne a ƙasa, nauyin duk a kaina, ango yana sama hannu a aljihu yana ta cewa a kula da madubi. An kula da madubi. Madubi ya isa lafiya, yanzu haka ana duba kwalliya a cikinsa.

To, zumar rayuwata, bari in faɗa miki abin da ke hana ni sukuni. Bakina ne.

Kin tuna ranar da muka tsaya a bayan shago, wajen buhun da ake zuba ƙyallaye? Ranar da na tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba ni na faɗa miki abin da ke raina, kika tsaya kina murza wani guntun yadi a hannu har ya zama igiya? Da kika ɗago, sai na ga kamar gari ya waye sau biyu a rana ɗaya. Kika ce kin ji, kuma kin yarda, amma da sharaɗi: in rufe bakina ruf har ki gama koyo, Umma ta sallame ki da hannunta da albarkarta. Kika ce ba za ki jure a ce kin zo koyon ɗinki kin ɗinke ɗan mai shago ba. Kika tuna min da yarinyar da Umma ta kora don kawai wani ya riƙa tsayawa da babur a ƙofar shago yana danna oda. Na ce na ɗauki alkawari. Kuma ke shaida ce, na riƙe shi kamar yadda kaza ke riƙe ƙwai. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ban taɓa barin idona ya daɗe a kanki a gaban Umma fiye da yadda yake daɗewa a kan almakashi ba.

Sai ga asibiti ya zo zai kwance min ƙulli.

Ranar da na je a ɗebi jinina, aka zaunar da ni a wani dogon benci kusa da ƙofar ɗakin da ake ajiye waɗanda aka gama wa aiki har su farfaɗo. Ni kuwa kin san ni, in aka zaunar da ni wuri, idona ba ya zama. Aka turo wani babban mutum mai tumbi a kan gado mai taya, matarsa tana biye da filas. Idonsa a rufe, amma yana ta ba da umarni a kashe famfo, ruwa na zuba. Babu famfo a wurin. Aka turo wani malamin makaranta, mutum kamili da ganinsa, surukinsa na tsaye a kansa yana masa fifita da kwali. Malamin nan ya buɗe ido rabi, ya dubi surukin, ya faɗa masa ra'ayinsa a kansa tun daga ranar ɗaurin aure, tiryan-tiryan, har da maganar wata akuya. Surukin bai daina fifitar ba, amma na ga hannun ya rage gudu. Matar da ke goge ƙasa ta dubi fuskata ta yi dariya, ta ce in saki raina, nan ɗakin babu abin da ba ta ji ba, har sunayen da ba na matan gida ba.

Wayyo ni! Domin wa zai tsaya a kaina jibi in ana turo ni? Umma. Kuma me ke kwance a ƙarƙashin harshena dare da rana, kamar ruwa a bayan madatsa yana neman ɓaraka? Sunanki, ƙanshin furen da ke buɗewa da asuba, sunanki!

Da aka kai ni wajen likitan allurar barci, wani siriri mai tabarau, ya yi min tambayoyi kamar zai ba ni 'yarsa. Ina da haƙori mai girgiza? Ina shan sigari? Akwai maganin da ke sa ni ƙaiƙayi? Ina minshari? Na ce wannan sai a tambayi Direba. Da ya gama ya ce ko ni ma ina da tambaya. Na ce, Likita, don Allah a cikin alluran nan naku babu wadda ke ɗaure harshe? Ya yi dariya har tabarau ya zamo masa. Ya ce mutane da yawa shiru suke farkawa, wasu kuma su yi ɗan sambatu, kuma ba wanda ke ɗaukar sambatu da muhimmanci. Na ce to. A raina na ce bawan Allah nan bai san Umma ba. Matar da in ta ji ƙarar keke daga ɗakin ciki take sanin wace ce a cikinku hankalinta ya tafi wani wuri? Matar da in na yi tari sau ɗaya take faɗa min a shagon da na sha ruwan sanyi? Ita ce za ta ji sunan ɗalibarta a bakin ɗanta ta ce sambatu ne?

Sai na roƙe shi a yi min irin wadda ake kashe rabin jiki, mutum yana ido biyu ana aiki. Nas ɗin da ke wurin ta ajiye biro ta dube ni, ta ce kai, wannan saurayi akwai zuciya. Kafin in iso gida labari ya riga ni. Yaya yanzu Zaki yake kira na, yana faɗa wa abokansa ƙaninsa ya ce a yanka shi yana kallo. Bai san zakin nan tsoron uwarsa ne ya ba shi geza ba. Likita kuma ya ƙi, ya ce a irin wurin da tawa take, sai an sa ni barci gaba ɗaya. Na samu kirarin, ban samu biyan buƙata ba.

Sun ba ni dokoki na kawo gida. Daga dare ba ci, ruwa ma sai yadda suka ƙayyade. In yanke farce, in yi wanka da sabulu, kada in aske wurin da kaina. In cire zobe, in cire agogo, in bar duk abin da ke jikina a hannun mai jinya. Sun yi tunanin komai. Sun san yadda ake wofintar da ciki kafin a kwanta, ba wanda ya faɗa min yadda ake wofintar da zuciya. Kuma a cikin abin da zan bari a hannun Umma har da walat ɗina, wanda a bayan katin shaida akwai wani abu da ba ki san da shi ba. Kin tuna ranar da na shigo da sabon keken shago a kafaɗa, maɓallin rigar aikina ya tsinke ya gangara ƙarƙashin teburinki? Kika ce in tuɓe rigar in miƙo. Baƙin zare ya ƙare a allurarki, kika sa ja, kika ce ai a rigar aiki ba mai dubawa. Kika ciji zaren da haƙori kika yar da guntun. Ke kin yar, ni na tsinta. Yana nan har yau, ɗan guntun jan zare da bai kai tsawon yatsa ba, kuma duk gadajen da na ɗauka a rayuwata babu wanda ya kai shi nauyi.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba, hasken idona. Na shiga horar da harshena kamar yadda ake horar da jaki ya bi hanya. Na ce tunda wanda ya farka daga allura ƙishi yake ji, bari in koya wa bakina kalma ɗaya tak: ruwa. Ina tafiya ina cewa ruwa, ina ɗaure noti ina cewa ruwa, har mai shagonmu ya sa aka duba ni ko ciwon suga ne ya ƙaru a kan ƙaba. Sannan na ce sai an gwada. Da rana in ciniki ya yi sanyi mukan ɗan miƙe a kan katifun da ba a cire wa leda ba. Na ce wa Direba in ya ga barci ya yi nisa da ni, ya girgiza ni da ƙarfi, ya saurari abin da zai fara fita. Bai tambayi dalili ba, don duk abin da ya shafi tayar da mutum daga barci yana so.

Gwajin farko na ce ruwa. Direba ya rantse na ce ruwa. Sai dai na ƙara da cewa a ba ki, kin gaji, tun safe kike kan keke. Da sunanki, cikakke. Gwaji na biyu ko ruwan ban ambata ba. Na uku Direba ya ce shi ya gaji, wannan ba gwaji ba ne, sanarwa ce. Tun ranar ba ni da sakat. Ango mai ƙaba yake kira na. In muka biyo ta gaban shagonku da mota sai ya rage gudu, ya ɗora hannu a kan oda yana kallona ta gefen ido, ni kuma raina yana hannun Allah. Amma bai danna ba ko sau ɗaya, kuma na yarda da shi, shi ya sa na ba shi takardar nan.

Da horo ya ƙi, sai na koma neman a canja mai jinya. Na samu Umma tana yankan yadi, na ce ai shago bai kamata a bar shi ba, ga aiki ya taru, Yaya ya isa ya zauna da ni. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ta haife ni ba allura ba komai, kuma yadin da ta sha wahalar saƙawa ba za a sa masa almakashi a bayan idonta ba. Jakarta ma ta riga ta haɗa kamar mai barin ƙasa: tabarma, filo, filas biyu, tawul, cokali. Abin da ta fara sawa a ciki kuwa tabaranta ne na duba ɗinki. Wai za ta ga ko likitan ya iya kalmasa, in bai iya ba ta nuna masa.

Sai kuma maganar wandon nan. Ke ma kina wurin, amma bari in faɗa miki abin da na gani daga inda nake tsaye. Umma ta ce a ɗinka min farin wando mai faɗi, mai zariya, wanda ba zai matse wurin aikin ba, ta ce ke za ki ɗinka, kuma ki auna ni. Na zagaya tef a ƙuguna, kika sunkuya daga nesa ki karanta, allin da ke hannunki ya faɗi ya rabe biyu. Ni kuma na riƙe numfashi har sai da Umma ta ce, kai, saki cikinka, ba hoto ake ɗauka ba. Kika faɗi awon, ta ce ki sake dubawa, tef ɗin a juye yake. Sauran 'yan matan suka yi dariya, kika ce hasken wurin ne. Hasken wurin lafiyarsa ƙalau, farin watana, ni na sa ƙwan lantarkin da hannuna.

Ga abin da ya tsaya min. Tun ina rarrafe Umma ke min ɗinki, ba ta taɓa sa min tef ba. Ido take ɗagawa ta dube ni ta yanka, kuma ya zauna cif. Me ya sa ranar sai an auna? Me ya sa ke? Kuma duk lokacin da kike kokawa da tef ɗin, ba tef take kallo ba, ta saman tabarau take kallon mu, ni da ke, kamar mai gwada yadi biyu ta ga ko launinsu zai tafi tare. Ban ce ta sani ba. Ban ce kuma in ta sani ta yarda ba, don fuskar Umma ko malamin duba bai isa ya karanta ta ba. Wataƙila ƙofa take buɗewa, wataƙila tarko ta ɗana. Na faɗa miki abin da idona ya gani ne kawai.

Yanzu ga roƙona, ya ke kurciyar da ta yi sheƙa a ƙirjina ba ta biya haya ba. Ki sake ni daga alkawarin nan. Ban gaji da jira ba. Wallahi in jira ne, zan jira har keken shagon ya tsufa a sayar wa masu gwangwan. Amma alkawarin da na yi miki na mai ido biyu ne, jibi kuwa za a kwantar da mai alkawarin a bar bakinsa ba makiyayi. Ya za a yi maganar da na lallaɓa tsawon wannan lokaci kamar ƙwai a cokali ta fito a kan gado mai taya, da yawu a gefen baki, tsakanin mai kashe famfo da mai zagin suruki? Haka sunanki zai shiga gidanmu? Na fi so Umma ta ji daga bakin ɗanta yana durƙushe a gabanta da hankalinsa, ta yi faɗan da za ta yi a kaina ni kaɗai, in gaya mata ke kika hana ni magana don girman da kike ba ta, kuma ko sau ɗaya ba ki bar aikinta kin saurare ni ba.

Na san abin da kike tsoro, kuma ban raina shi ba. Wurin zamanki ne, da sunanki a bakin mutane, da wahalar da kika sha kina koyo. In Umma ta ce ki bar shagon, zan kwana a ƙofar ɗakinta da ɗinkin likita a cikina har ta sauko. In ta ƙi saukowa, ni da na hau bene da durowar amaren mutane, keken ɗinki guda ba zai gagare ni kai miki duk inda kika zaɓa ba. Sai dai ki ɗan jira, don likita ya ce zan daɗe ban ɗaga abin da ya fi buta nauyi ba.

Akwai kuma wadda ban so in rubuta ba. Likita ya ce aikin ƙarami ne, kuma na yarda da shi. Amma ƙarami ne a wajen wanda ke riƙe da wuƙar. Rai na Allah ne, yana karɓar abinsa a kan katifa ma. In aka wayi gari Kawu ya samu ƙarin suna a lissafinsa, ba na so ki zama wadda za a bar wa makullin shago a ce ki kula da masu karɓar ɗinki. Ba na so ki yi kukanki a bayan shago wajen buhun ƙyallaye, in an tambaye ki ki ce wani abu ne ya faɗa miki a ido. Ina so ko da na yini ɗaya ne a san ke wace ce a wurina.

Ba sai kin rubuto amsa ba, na san idon shagon nan yawa gare shi. Gobe za ki gama wandon. In kin ce a'a, ki ɗinke bakin zariyar da farin zare kamar kowane wando. Zan gane, ba zan yi fushi ba, zan ja bakina in shiga da ruwa, ruwa a kan harshe har inda ƙarfina ya kai, abin da barci ya faɗa kuma ki yafe wa na farke. In kuwa kin yarda, ki sa jan zare a cikin ƙugun, ɗinki biyu ko uku, irin na maɓallin nan.

Na rubuta wannan sai na tsaya na yi wa kaina dariya. Wace sutura ce ta taɓa fita daga shagon nan Umma ba ta juya cikinta ta bi ɗinkin da farce ba? Kafin wandon ya iso hannuna sai ya bi ta nata. Za ta sa tabarau, za ta ga ja a kan fari, za ta ɗago ta kira ki ta ce wannan kuma mene ne, a ina kika koyi haka. Na so in goge in nemo wata dabara, sai na ga babu wadda ta fi ta. In ta tambaya, kada ki ce farin ne ya ƙare, kada kuma ki ɗora wa hasken wurin. Ki ce, Umma, tambayi ɗanki. Zan kasance a bakin ƙofa, na yi wanka, na yanke farce, idona biyu. Sauran aikin nawa ne.

Naki, mai bin ki kamar yadda zare ke bin allura duk yadin da ta shiga, a farke ko a barci, yau da jibi da abin da ya biyo baya,

Mai ɗaure gadajen mutane, wanda har yanzu bai ɗaure nasa ba.